Wasiƙar Godiya ga Shagon Kayan Kiɗa da Ajinsa na Jitar Bulus

Zuwa ga Maigida mai shago da malaman ajin jita na ranar Asabar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya ɗalibai?

Mu wasu makaɗan jita ne da masu koyar da ita a nan Kaduna. Mun zaɓi mu rubuto muku a fili, inda kowa zai karanta, domin yabon gwani ya zama dole. Ɗaliban da ke fitowa daga ajinku na kiɗan bulus (blues) mai salon jaz ana gane su tun daga bugun farko: hannunsu da tsabta, kunnensu a buɗe, ba sa cika wuri da hayaniya. Mun san daga ina wannan ya fito, kuma muna so iyaye da masu sha'awar koyo su ma su sani.

Babban abin da muke gode muku a kai shi ne yadda kuka hana sabon ɗalibi manyan kod ɗin nan, wato sautukan da ake bugawa tare, masu danne tsirkiya shida da yatsa ɗaya. Kun fara shi da sauti uku kacal: tushe, wato sautin da kod ta ɗauki sunansa, sai ta uku da ta bakwai in an ƙirga daga tushen. G7 a wurinku ita ce tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, a gaɓa ta 3 ta wuyan jita, tsirkiya ta huɗu a gaɓa ta 3, tsirkiya ta uku a gaɓa ta 4. Tsirkiya ta biyar kuwa cikin yatsan da ke kan tushe ne yake jingina da ita ya kashe muryarta. Daga nan zuwa C7 tafiyar ba ta da nisa: tushe ya koma tsirkiya ta biyar a gaɓa ta 3, sauran yatsu biyun kowanne ya ja baya gaɓa ɗaya, F ta zama E, B ta zama Bb. Yaro yana ganin haka da idonsa sai fuskarsa ta washe, don ya gane ashe tazarar gaɓa ɗaya ce ke ɗauke da dukan canjin da kunne yake ji.

Wannan hanya tana da asali. Freddie Green ya riƙe jita a ƙungiyar Count Basie a Amurka daga 1937 har rasuwarsa a 1987, kuma aikinsa na shekara hamsin ɗin nan bugu huɗu ne a kowane gida, wato kowane yanki na ƙirgen kiɗa, da ƴan sautuka kaɗan, ba ya shiga gonar mai bes, ba ya shiga ta mai fiyano. Kod mai sauti shida takan ninka tushe har sau uku, ta cika ƙasa da gurnani, mai bes ya rasa inda zai sa ƙafa. Mun ji daɗi da kuke kunna wa ɗalibai faifan wannan ƙungiya, kuna sa su nemo jitar a cikin taron kayan busa. Da wuya su same ta a sauraron farko, kuma wannan ma darasi ne.

Sai zubin gida goma sha biyu, kowane gida bugu huɗu. Kun kyauta da kuka bar ɗalibi ya zauna a kan tsohon zubi mai kod uku, G7 da C7 da D7, har ya iya ƙirga shi ba tare da motsa leɓe ba, sannan kuke ƙara masa ado ɗaya bayan ɗaya. Gida na huɗu ya rabu biyu, Dm7 da G7, domin ya tura kunne zuwa C7 ta gida na biyar. Gida na shida ya karɓi C#dim7, wadda sunanta ke tsorata mutane alhali yatsa ɗaya ne ya motsa: a riƙe C7 yadda take, a ɗaga tushe daga gaɓa ta 3 zuwa ta 4. Gida na takwas E7, na tara Am7, na goma D7. Wanda aka zuba wa waɗannan duka rana ɗaya haddace su zai yi kamar karatun aku, ranar da aka ce a koma Bb, inda masu busa suka fi so, sai ya tsaya cak. Ɗalibanku ba sa tsayawa, saboda da lamba kuka koya musu, ɗaya da huɗu da biyar maimakon G da C da D, kuma siffar hannu ɗaya ce, wuri kawai take sauyawa.

A gida biyu na ƙarshe ne ake gane wanda ya sami malami. Nan ne kwanar komawa, inda kiɗa ke juyawa ya koma farko: G7, E7, Am7, D7, kowace bugu biyu. Canji ya ninka sauri, shi ya sa yawancin masu koyo suke ruɗewa a nan. Ko su yi gaggawa su iso gida na ɗaya kafin mai ganga, ko su tsaya neman gaɓa ta 7 da ido su makara. Maganin da kuka ba su mai sauƙi ne kuma yana aiki: a ware gida biyun nan kaɗai, a yi ta maimaita su a hankali, ido ya riga hannu isa gaɓar da za a sauka, yatsu su saki danni a ƙarshen bugu na biyu ba tare da sun bar tsirkiya ba. Kun kuma bayyana musu dalilin da ya sa ake fifita E7 a kan Em7: sautin G# da ke cikinta rabin taki ne, wato gaɓa ɗaya, ƙasa da A, yana ja zuwa Am7 kamar an ɗaura masa igiya. Ga mai son ƙarin yaji, a ɗora F a tsirkiya ta biyu, gaɓa ta 6.

Darasin da ya fi burge mu shi ne na musanya. E7 a hannu: tsirkiya ta huɗu gaɓa ta 6, ta uku gaɓa ta 7, tushe a tsirkiya ta biyar gaɓa ta 7. A bar sautuka biyun nan inda suke, a mayar da tushe tsirkiya ta shida gaɓa ta 6, sai ga Bb7 ta fito. Ta ukun waccan ta zama ta bakwan wannan, ta bakwan waccan ta zama ta ukun wannan. Haka D7 take da Ab7. Da wannan sai kwanar ta zama G7, Bb7, A7, Ab7, siffa ɗaya tana gangarowa daga gaɓa ta 6 zuwa ta 5 zuwa ta 4, ta sauka gida a ta 3. Akwai masu cika allo da lissafi kafin su kai ga wannan. Ku kun sa shi a yatsun ɗalibi tukuna, bayani ya biyo baya. Kun kuma ja musu kunne cewa in mai bes yana kan E kai kana kan Bb a ƙasa, faɗa za a ji, don haka ko ku yi shawara kafin a fara, ko ka saki tushen gaba ɗaya ka riƙe sautuka biyun tsakiya, waɗanda suka dace da kowanne.

Hannun dama ma bai sha kashi a ajinku ba. Bugu huɗu ƙasa, daga gwiwar hannu da wuyan hannu a sake, kowane bugu gajere, domin hannun hagu yana sakin danni da zarar sauti ya fita. In ba a saki ba, kod ɗin za su malale cikin juna, rausayar ta mutu. Na'urar ƙirga bugu kuma kuna sa ta a kan na biyu da na huɗu, inda mai ganga ke taka faifan ƙarfensa: a sa ta a 60, kiɗa na tafiya a 120. Makon farko kowa juyewa yake yi, ya mayar da ƙarar ta zama bugu na ɗaya. Haƙurinku a wannan mataki abin a yaba ne. Ita kuwa rausayar kanta, a raba bugu uku, a haɗe biyun farko a saki na uku, dogo da gajere, yaron da ya tashi yana jin kalangu a gidan biki ba baƙuwarsa ba ce, kuma kun san yadda za ku tuna masa da ita. Kun gaya musu cewa in kiɗa ya yi sauri tazarar dogo da gajere tana raguwa, kada su nace a kanta har ta zama ɗingishi.

Sai bayan duk wannan kuke buɗe musu tsirkiya ta biyu: G13 da E a gaɓa ta 5, C9 da D a gaɓa ta 3, irin kod ɗin da T-Bone Walker ya yi suna da zamewa da su. Haka ya kamata, ado bayan gini.

Muna kuma miƙa godiya ga mai gyaran da ke bayan shago. Hunturu ba ya raga wa jita. Katako ya bushe ya tsuke, bakin ƙarafan gaɓa ya fito yana yankar yatsa, wuya ya sauya lanƙwasa, tsirkiya ta fara zuza. Mai gyaranku yakan goge bakin ƙarafan, ya juya sandar cikin wuya kaɗan-kaɗan, ba ya wuce rubu'in juyi kafin ya sake dubawa, ya daidaita tsayin tsirkiya wajen milimita 2 zuwa 2.5 a gaɓa ta 12, sannan ya gwada sautin gaɓa ta 12 da na tsirkiya a sake. In ba su yi daidai ba, kod ɗin gaɓa ta 6 da ta 7 za su yi tsami ko da an ɗaure jitar daidai, ɗalibi kuma ya ɗauka laifin yatsunsa ne. Shawarar da yake ba kowa, a mayar da jita cikin akwatinta da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji, ba ya taɓa katako, ta ceci kayan mutane da yawa. Kuma ba ku taɓa tura wa mai koyo tsirkiya mai kauri don ta fi tsada ba. Kukan ce ya fara da mai laushi, in yatsu sun yi kanta ya hau mai kauri, lamba 12, mai santsin jiki, wadda ba ta ƙara in hannu ya zame.

Roƙonmu guda ne. Waɗanda suka gama wannan aji suna bukatar inda za su gwada abin da suka koya tare da bes da ganga, domin kwanar komawa ba ta nuna a ɗaki kai kaɗai. In za ku ware yammacin wata Asabar ɗaya a wata don haka, a cikinmu akwai masu bes da masu ganga da za su zo da kayansu.

Allah ya ƙara kasuwa, ya saka wa malamai da alheri, ya ba ɗalibai naci. A gaida mai gyara da yaran shago.

Naku,
Wasu makaɗan jita da malaman kiɗa, Kaduna