A koya wa ɗalibanmu gwada manhaja a kwamfutar da ba ta da sikirin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin malaman kwamfuta na manyan makarantunmu a Bauchi da Gombe, da matasan da ke neman na kansu ta hanyar rubuta manhaja, a kan wani giɓi da ake bari a horon da ake ba su. Ɗalibanmu da dama sun iya rubuta manhaja mai tagogi da madannai, amma hanyar gwaji ɗaya suka sani, wato su buɗe ta a laftof, su danna nan su danna can, idan ba ta maƙale ba su ce ta yi.

Kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata daga nesa ba haka suke aiki ba. Duk sa'ad da mutum ya tura gyara, wata kwamfuta ce a cibiyar adana bayanai take harhaɗa manhajar, ta gudanar da gwaje-gwajenta ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar Jenkins ko GitHub Actions ko GitLab, sannan ta ba da rahoto. Irin waɗannan kwamfutoci galibi Linux ne a kansu, ba su da sikirin, ba su da maus, kuma babu mai zama a gabansu.

A nan ne matsalar take. A tsarin X Window, wato tsarin nuna tagogi da Linux ya daɗe yana amfani da shi, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta X11 kuma ta fito a 1987, manhaja ba ta zana tagarta da kanta. Tana duba wani saiti mai suna DISPLAY domin ta san wurin da za ta aika zanen, kuma idan ta tarar da shi wayam sai ta tsaya da saƙon “cannot open display”, ta Java kuwa ta jefo HeadlessException. Ɗalibin da bai san wannan ba zai kwana yana neman kuskure a cikin abin da ya rubuta, alhali aikinsa lafiya lau yake, wurin zane ne kawai babu.

Maganin tsoho ne, kuma kyauta ne. Xvfb wani ɓangare ne na X.Org, wato manhajar da ke aiwatar da tsarin X Window, kuma yana yin duk aikin sikirin amma a cikin memori kaɗai, ta yadda manhaja za ta buɗe taga, a danna mata madanni, a ɗauki hotonta, ba tare da idon kowa ya gani ba. A Debian da Ubuntu ana samunsa tare da umarnin xvfb-run, wanda yake tayar da wannan sikirin na bogi, a bisa al'ada a lamba 99, ya gudanar da gwajin, ya kuma rufe shi idan an gama. Sikirin mai faɗin 1280 da tsawon 1024 bai wuce megabayit biyar da ɗan ɗori ba a memori, saboda haka ko tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji za ta ɗauke shi. Abin da ya kamata malami ya jaddada shi ne a riƙa faɗa masa girman sikirin a fili, domin madannin da ya faɗa wajen iyakar ƙaramin sikirin yana iya kayar da gwajin da ba shi da laifi, kuma idan gwaje-gwaje biyu za su gudana lokaci guda a ƙara wa umarnin xvfb-run alamar -a domin kowanne ya sami lambar sikirinsa.

Wani zai ce zamanin wannan ya wuce, tunda Chrome ya samu yanayin aiki ba tare da taga ba a sigarsa ta 59 a 2017, Firefox ma ta biyo baya a shekarar, Qt kuma, wadda ake gina manhajoji masu taga da ita, tana da nata. Gaskiya ne, kuma ga mai gwada shafin intanet da Selenium, manhajar da ke danne-danne a shafi a madadin mutum, sau da yawa hakan ya wadatar. Sai dai manhajojin asibiti da na makaranta da na shago da ɗalibanmu suka fi rubutawa da Java Swing ko Tkinter ko Electron har yanzu suna neman sikirin. Dole kuma a faɗa musu iyakarsa: Xvfb ba ya zuwa da mai kula da tagogi, wato manhajar da ke jera su a sikirin, don haka gwajin da ya dogara da wace taga ce a gaba yana buƙatar a ƙara masa irin su Openbox, kuma zane mai nauyi, irin na 3D da ake yi da OpenGL, yana tafiya a hankali domin babu katin hoto.

Akwai dalilin da ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa. Kwamfutocin gwaji, musamman waɗanda aka gina da Docker, manhajar da ke ƙunshe aiki cikin ƙaramin tsari mai abubuwan dole kaɗai, sukan zo da 'yan nau'o'in haruffa kaɗan ko ma babu. Idan manhaja ba ta ɗauke da nata haruffan, hoton da aka ɗauka daga Xvfb zai nuna akwatuna a gurbin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma abin da zai iya faruwa ke nan a kwamfutar akawu a Azare ko Kumo. Gara a gano shi a wurin gwaji, a haɗa manhajar da haruffa irin su Noto ko DejaVu, da a bari mai amfani da ita ya gano. Haka nan hoton yake tona rubutun Hausa da ya yi wa madanni tsawo, domin an auna madannin da kalmar Turanci.

Ga kuma halin wuta da kuɗin data da muke ciki. GitHub Actions kyauta ne ga aikin da aka buɗe wa jama'a, don haka ɗalibi zai tura gyaransa da 'yar data kaɗan, batirinsa ya mutu, gwajin kuma ya ci gaba a can har ya kammala.

Kirana ga sassan kwamfuta na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, shi ne su sanya wannan cikin sharuɗɗan aikin shekarar ƙarshe. Kada a karɓi manhaja mai taga sai ta zo da gwaji aƙalla guda ɗaya da ke gudana a kwamfuta marar sikirin, tare da hoton da gwajin ya ɗauka. Darasi ɗaya a ɗakin gwaji ya isa a koyar da shi.

Wassalam.

Naka,
Malamin kwamfuta,
Yelwa, Bauchi