Wasiƙar Barka da Sallah daga Siyatil

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi muku barka da Sallah da barka da shan ruwa, da fatan Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Da yammacin ranar Idi nake rubuta wannan wasiƙa, lokacin da na san dare ya tsala a Kano, tunda kun riga mu da awa 8.

Na ji labarin cewa Kawu ya laƙaba mini suna mai shayin Amurka, har yaran gida sun ɗauka, saboda haka na ga ya dace in yi muku bayanin aikin nan dalla-dalla. Kamfanin Starbucks gahawa yake sayarwa, kuma a wannan gari na Siyatil aka kafa shi a 1971 da shago guda kusa da kasuwar Pike Place, amma yanzu shagunansa sun haura 40,000 a ƙasashe fiye da 80. A Afirka akwai su a Masar da Maroko da Afirka ta Kudu, ba su iso Najeriya ba. Ni a hedikwata nake, wani makeken gini na jan bulo da kamfanin Sears ya taɓa amfani da shi a matsayin ma'ajiyar kaya, wanda a ƙololuwar hasumiyarsa ake hango idanun 'yar ruwan nan ta tambarin kamfanin tana leƙen masu wucewa. Aikina shi ne lissafin yawan kofuna da marufai da buhunan gahawa da shagunan wani yanki za su buƙata a makonni masu zuwa, domin kada kaya su yanke wa shago, kada kuma su taru su lalace. Wuni nake a gaban kwamfuta, ba na hura wuta, ba na soya ƙwai.

Duk da haka Kawu bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin lokacin da na fara aiki an tura ni wani shago na 'yan kwanaki, na ɗaura koren kyallen da masu haɗa gahawa suke ɗaurawa a gaba. A rana ta biyu na yi garaje wajen dumama madara da tururi, ta yi bori ta wanke mini hannu da takalmi, layi kuwa ya kai bakin ƙofa. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar Auta ba ta karɓi butar a hannuna ba tare da ta ɗaga murya ba, ta gama kofi uku kafin in goge teburin. Tun daga ranar, idan na rubuta lamba a kwamfuta, ita nake tunawa, domin idan lissafina ya karkace, ita ce za ta tsaya gaban mai saye ta ba shi haƙuri. Hedikwatar ma cibiyar tallafi suke kiranta, wato mu masu hidima ne ga shaguna, kuma kowane ma'aikaci abokin tarayya ake ce masa, saboda tun 1991 ake ba ma'aikata wani kaso na hannun jari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a watan nan shi ne azumi a gidan da ƙamshin gahawa ya kama ko'ina. Al'ada ce a buɗe taro da ɗanɗanon gahawa: mutum ɗaya zai dafa wani iri, na Habasha ko Ruwanda ko Gwatamala ko tsibirin Sumatira, a zuba a ƙananan kofuna, kowa ya rufe bakin kofin da tafin hannu ya shinshina, sannan ya zuƙa da ƙara irin wadda Inna take yi mana faɗa a kanta muna yara, daga nan a yi ta bayyana abin da harshe ya ji. Ranar farko ta azumi kofi ya zagayo kaina, na ce ina azumi. Shugabar sashenmu ta tambaye ni ko har da ruwa, na ce har da ruwa, sai ɗakin ya yi tsit. Bayan mako guda ta zo da dabino ta ajiye mini a tebur, ta ce ta karanta cewa da shi muke buɗe baki. Ban taɓa zaton ƙwayar dabino za ta sa idona ya ciko ba.

Sallah ba ranar hutu ba ce a hukumance a Amurka, don haka daga kwanakin hutuna na cire kwana ɗaya. Mun yi Idi a cikin wani babban zaure saboda yayyafin garin nan da ba ya gajiya, yawancin jama'ar Somaliyawa ne da Oromo da 'yan Pakistan. Na sa farar shaddar da Yaya ya aiko da hular zanna bukar, wani dattijo ɗan Ghana ya gane ni da ita, muka gaisa da Hausa har muka ci abinci tare. Babu algaita, babu dawakai, hawan Daushe kuwa sai dai in kalla a waya gobe kafin in shiga taro.

Kowane mako ana ba mu ƙunshin gahawa kyauta, kuma na tara guda huɗu da zan ba wani mai tahowa gida a watan gobe; a ba Kawu biyu, amma a gaya masa tana da ɗaci, sai da sukari da madara. Na tura goron Sallah ta asusun Yaya, a raba wa yara, a kai wa Goggo nata. Inna, ina roƙon a sa mini kuka da daddawa da yaji a hannun mutumin idan zai dawo. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, a gaishe da Malam da dukkan mutanen unguwa.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya.