Wasiƙa zuwa ga ɗana a Akra

Aboabo, Kumasi

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ƙaninka ya shaida mini cewa abokan aikinka suna matsa maka a wajen liyafa, wai kofi guda na jar giyar inabi gyaran zuciya ne. Hukuncin addini ka san shi tun kana makarantar allo, ba sai na maimaita maka ba. Abin da nake so ka sani shi ne ko a wajen likitoci maganar tasu ba ta da ƙarfi.

Tsofaffin binciken da suke kafa hujja da su suna da aibi, domin cikin waɗanda aka lissafa a matsayin marasa sha har da mutanen da rashin lafiya ce ta raba su da kwalba, shi ya sa masu ɗan kurɓawa suka zama kamar sun fi su lafiya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na giya da za a ce ba ya cutarwa, kuma tun 1988 cibiyarta ta binciken ciwon daji da ke Faransa ta sa giya a rukuni ɗaya da taba, wato na abubuwan da ke jawo ciwon daji. Hanta tana mayar da barasa wani sinadari mai suna asetaldehaid, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta, kuma an danganta giya da ciwon daji aƙalla iri bakwai, ciki har da na baki, maƙogwaro, hanji, hanta da mama. Haɗarin mai shan kaɗan bai kai na mashayi ba, wannan gaskiya ce, amma daga kurɓin farko yake somawa.

Abin da ya fi damuna shi ne hanta. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Ghana, mutum yakan yi shekaru da shi bai sani ba, kuma giya, ko ta kwalba ce ko ta gargajiya da ake kira akpeteshie, tana gaggauta lalacewar hantar da ta riga ta kamu. Ka kuma kula da bitas, wato giyar nan mai jiƙon saiwoyi da ake sayarwa a ƙananan ledoji a tashoshin motocin haya na tirotiro da sunan maganin ƙarfin maza, domin saiwoyin da aka jiƙa a ciki ba sa rage barasar da komai.

Ina roƙonka ka je asibiti a gwada jininka kafin ƙarshen wata, in ba ka da cutar a yi maka allurar rigakafi, ka sanar da ni sakamakon. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka