Wasiƙa ga ɗana makaɗi, bayan wasansu na farko

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka. Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka yau kwana huɗu ke nan tana kira ba ka ɗauka, kuma hankalinta bai kwanta ba.

Ƙanwarka ta nuna mini bidiyon wasanku na daren Asabar. Sau uku na kalla. Na farko fuskarka kawai nake kallo, don na san yadda kake cije leɓe tun kana yaro in abu ya dame ka. Sauran biyun na natsu na duba komai, na saurara da kunnen wanda ya tashi a gidan kiɗa. Na ga gara in zauna in rubuta, don ko ka ɗauki wayar, "ba komai, Baba" za ka ce mini ka kashe.

Ba zan rufe ka ba, abin bai yi kyau ba. Waƙar farko ka ɗauko ta daidai, amma kafin a kai amshi na biyu ka tsere wa kowa, mai jita yana bin ka da ƙyar, mawaƙin yana haɗiye kalmomi. A ta uku babbar gangar ƙafa ta dinga zamewa a kan tayil, kana miƙa ƙafa kana bin ta har ka dawo bakin kujera. Sannan sanda ta suɓuce ta faɗa ƙasan dandamali, ga shi ba wata a kusa. Ka tsaya cak. Na ƙirga, daƙiƙa 11 ba a ji ka ba.

To, ka saurara. Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalilinsa, kuma babu wanda ke nufin ba ka iya ba.

Gudun nan faɗuwar gaba ce. In zuciya tana dukan uku-uku, abin da yake daidai sai ka ji kamar yana jan ƙafa, sai hannu ya ƙara wuta ba da saninka ba. Ni ma ta same ni. Ina da shekara 14 kakanka, wanda ka ci sunansa, ya fara fita da ni filin dambe da kaka, bayan an gama girbi. Shi yana gaba da kalangu, ni ina bayansa da kuntuku. Ɗan damben ya fito yana kirari, hannunsa ɗaure da zare, mutane suka ɗauki sowa, ni kuwa hannuna ya gudu. Kakanka bai waiwayo ba, bai harare ni ba. Sai kawai ya ja da baya taki ɗaya har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya nauyaya gula, yana sauke ta ɗaya bayan ɗaya, har na ji bugun a cikin ƙirjina na dawo hanya. Da dare ya yi, raɓa ta sauka fata ta saki, muka je gindin wutar mai tsire muna gasa ta muna ƙwanƙwasawa. A nan ne ya yi mini magana, ita ma guda ɗaya ce: in na ji taro ya ɗauki ihu, in daina jin taron in ji shi. Kai ma kana da naka wanda za ka ji, shi ne mai kaɗa jitar nan mai kaurin amo da ke tsaye a hagunka. A bidiyon ya juyo ya kalle ka ya fi sau biyar yana gyaɗa kai yana nuna maka taki, kai kuwa idonka na kan sandunanka.

Akwai kuma wanda ba laifinka ba ne. Lasifikokin duk jama'a suke fuskanta, ba a juyo muku ko ɗaya ba. Ke nan abin da kake ji ba abokanka ba ne, amsa-kuwwa ce ke dawo maka daga bangon ƙarshen zauren. Ka tuna darasin da na sha koyar da yara a aji, sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In bangon yana da nisan mita 30, zuwa da dawowa 60 ke nan, sautin zai iso kunnenka a makare da kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. A waƙar da ke tafiya bugu 120 a minti, wannan ya kai sulusin bugu guda. Ƙwararre ma in ya bi wannan amon sai ya rikice. A ɗakin da kuke gwaji ba ka taɓa haɗuwa da haka ba, don ɗakin ƙarami ne, kuna zaune ƙafa da ƙafa. Nan gaba ku riga jama'a isowa da awa biyu ko uku, ka je wurin mai haɗa sauti da ladabi ka roƙe shi ya juyo maka lasifika ɗaya, ya sa maka muryar mawaƙi da wannan jitar. Kada ka tashi daga kujerar sai ka ji su sarai.

Zamewar ganga kuwa maganinta kafet ne a ƙasa, ka sa ƙafafun kujerarka su danne shi. In babu, ko bulo ka tokare ta da shi. Sanduna kuma ka tafi da aƙalla shida, ka rataye su inda hannu zai kai ba sai ka duba ba. Kuma tunda gangunan na haya ne, ka bi kowane ƙusa ka ɗaure da hannunka, ka taka feda ka ji nauyinta, ka daidaita tsawon kujera. Kakanka bai taɓa fita ba tare da tsarkiya da fatar ko-ta-kwana a jaka ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne daƙiƙa 11 ɗin nan. Sanda ɗaya ce ta faɗi. Kana da ɗayar, kana da ƙafafu biyu, kana da tafin hannu. Da ka ci gaba da ƙafa kaɗai, rabin zauren ba za su san an yi komai ba, don mai rawa ƙasa yake nema ya taka, ba ado ba. Mawaƙi in ya manta baiti 'yan amshi sai su rufa masa asiri, mai jita in ya kuskure sai ya wuce. Makaɗi ne kawai in ya yi shiru kowa ya rasa madogara. Ka saurari kowane faifai na Alhaji Mamman Shata, wani lokaci yakan daɗe yana magana ko ya saurara wa 'yan kallo, amma kalangan nan suna nan a ƙarƙashinsa ba sa motsi daga takinsu. Mutane da yawa ba su san sunayen makaɗan ba, alhali a kansu waƙar take zaune. Shi ma Tony Allen ɗin da ka cika mu da shi a waya, mutumin Legas da ya yi wa mawaƙi Fela Kuti kiɗa sama da shekara goma, ya rasu a Faris a 2020, sai da ya kai shekara 18 ya fara taɓa ganga, yana aikin gyaran na'urori a gidan rediyo. Ka sake kallonsa da kyau. Kafaɗunsa ba sa tashi, ba ya dukan ganga kamar mai faɗa da ita. Kai a daren nan ka riƙe sanda kamar mai faskare, hannu ya yi gumi ya ƙage, dole ta suɓuce.

Yanzu ga abin da ya sa ni ɗaukar biro. Ƙanwarka ta ce ana tashi ka fice ta ƙofar baya, ka bar abokanka suna kwasar kaya, har da gangunan da kai ka kaɗa, kuma ka ce mata ka bar kiɗa. Wannan ban yarda da shi ba, Babana. Kunya ce ta kore ka, na sani, amma su ma sun ji kunyar, kuma suka tsaya suka naɗe wayoyi suka ɗora lasifika a mota. Ka je ka same su ido da ido, ba ta saƙon waya ba. Ka ce ka yi kuskure, ka ba su haƙuri a kan tafiyar da ka yi, kada ka kawo zancen mai haɗa sauti ko tayil a wannan zaman. In sun faɗi mai zafi ka haɗiye. Bayan nan ku kunna bidiyon tare, ku bi shi waƙa-waƙa.

Ka san ni na ajiye kalangu na kama alli, don a lokacinmu ɗan makaɗi yana shan gori, ko aure ya je nema sai an tono masa. Da ka ce kana son ganga, 'yan'uwa sun yi ta magana, na ce a ƙyale ka muddin ba ta taɓa sallarka da karatunka ba. Har gobe ina kan wannan. In wata rana ka zauna ka yi tunani ka ga kiɗa ba hanyarka ba ce, zan sa maka albarka. Amma ba a wannan makon ba, kuma ba a kan sanda ɗaya ba.

Kafin wasa na gaba, kullum ka ware minti 20 ka kunna na'urar ƙidayar bugu da ke wayarka, ka bi ta a hankali, a takin da zai gundure ka. Ka riƙa yar da sanda da gangan a tsakiyar waƙa, ka ɗauko wata ƙafarka ba ta tsaya ba, har abin ya zama jiki. Ku kuma nemi wani taro ƙarami, ko walimar abokai ce, ku sake fitowa kafin tsoron ya yi saiwa.

Tsohon kafet ɗin falo na naɗe shi, zan ba direba ranar Laraba, ka je tasha da la'asar ka karɓa. A cikin naɗin akwai gular kakanka, na nannaɗe ta da tsumma, ka kula kada ta faɗi wajen kwancewa. Mahaifiyarka ta saka kilishi da ƙuli-ƙuli, ta ce na abokanka ne har da kai. Ka kira ta yau bayan isha'i.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Ni ne,
Mahaifinka.