Amsa ga mai tambayar "ina jininmu?"

Malam, salamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo mini a Facebook, har da ambaton sunana don kada in ce ban gani ba. Ka ce in ba sayar da jini muke yi ba, ina ledojin da matasan unguwarku suka bayar, har aka ɗaura wa mai jego "ruwan rawaya"? Sannan ka kira mu ɓarayin jini. Na daɗe ina aiki a ɗakin ajiyar jini, ba wanda ya taɓa jifana da wannan suna sai kai, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ruwan rawayan nan jini ne, ranka ya daɗe. Filasma sunansa, kuma shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na jinin da ke jikinka yanzu haka. Akasarinsa ruwa ne, amma a cikinsa sinadaran da ke daskarar da jini suke. Macen da ta haihu jini ya ɓalle mata, yana iya tafiya da sinadaran nan, kuma in ba a mayar mata da su ba, duk jan jinin da aka ƙara mata zubewa zai yi. Likitan da ya nemi filasma ya san abin da yake yi.

Jan da idonka ke nema na jajayen ƙwayoyi ne, masu ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki. Ɓargo ke yin su, su yi kamar kwana 120 su mutu. Su ake ba yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, da mai sikila. Akwai kuma farare masu yaƙi da cuta, da filatilet masu toshe rauni. Leda ɗaya in an juya ta a inji takan rabu, kamar yadda ake kaɗa nono a fitar da mai, mutum uku su amfana. Jajayen suna kai kwana 35 zuwa 42 a firji, filasma shekara guda a daskare, filatilet kuwa kwana 5 kacal. Can ledojinku suka tafi, cikin jikin 'ya'yan mutane.

Kuɗin da ka yi ta nanatawa cewa muna karɓa na leda ne da gwajin HIV da ciwon hanta da tunjere. Kuma muna ba da rasit.

Abin da ya ba ni mamaki, ranar da wuta ta ɗauke mana muna ta fafutukar man janareto don kada jini ya lalace, ban ji muryarka ba. Sai yanzu da zaɓen kansila ya ƙarato tausayin masu jego ya kama ka. Mutanenmu dama ba sa zuwa ba da jini sai ɗan'uwa na kwance rai a hannun Allah, ga shi 'yan kaɗan ɗin da suka saba zuwa don Allah sun fara kirana suna tambaya ko gaskiya ka faɗa.

Ƙofarmu a buɗe take. Ka zo ka ga injin da idonka, kuma ka karya kumallo sosai kafin ka taho, don akwai gado da leda na jiranka.

Wassalam,
Ma'aikacin ɗakin ajiyar jini