Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 na Zumuntar Ma'aikata ta Ikilisiyarmu

Iyayenmu da 'yan'uwa cikin Almasihu, muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji Yesu. Ga abin da zumunta ta yi a bana, kamar yadda kwamiti ya ɗora wa sakatare ya rubuto.

Shekarar ta zo da matsi, kowa shaida ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ke cinye albashi kafin tsakiyar wata. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yuli, amma kasuwa ta riga shi yin gaba. A irin wannan hali, ambulan da aka cusa cikin fayil ba ya da sauƙin mayarwa, shi ya sa muka ba maganar amana a wurin aiki yawancin tarukanmu na wata-wata.

Mun fara da Luka sura 3, inda Yahaya Mai Baftisma ya hana masu karɓar haraji wuce abin da aka ƙayyade, ya kuma ce wa sojoji su gamsu da albashinsu. Wani babanmu ɗan fansho ya tuna mana cewa Yahaya bai ce kowa ya ajiye aiki ba, cewa ya yi a zauna a yi shi da tsabta. Daga nan gardama ta kaure kan "na goro". Wasu suka ce in an gama aiki mutum ya kawo buhun shinkafa da Kirsimeti, godiya ce. Wasu suka ce ɗan kwangilar da ya kawo shinkafa a Disamba zai dawo teburinka a Janairu, kuma Fitowa 23:8 ta ce toshi yana makantar da mai gani. Baki bai zo ɗaya ba. Abin da muka tsayar kawai shi ne: duk wanda takardarsa ke hannunka, ko za ta sake dawowa, a mayar masa da kayansa cikin ladabi.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne na wata 'yar'uwarmu mai kula da sito. An kawo mata takarda ta sa hannu cewa kaya sun iso cif. Ta miƙe ta ƙirga katan ɗaya bayan ɗaya, direba na tsaye yana kaɗa makulli, ta ga ba su cika ba, ta ajiye biro. Ba a jima ba aka yi mata canjin wurin aiki zuwa ƙauye, sai ta hau mota biyu da babur kafin ta isa. Mun yi mata addu'a, amma gaskiya mun yi nawa wajen kai mata ɗauki, sai da mata suka ba ta kwasar adashinsu. Kunyar wannan ce ta sa muka buɗe asusun tallafa wa duk wanda ƙin cin hanci ya jefa cikin wahala. A ganina, shi ne aikin kirki mafi girma da muka yi bana.

Ɗan'uwanmu lauya ya yi mana bayani kan ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da aka kafa a 2000, da tsarin fallasa ɓarayin gwamnati na Disamba 2016 mai ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Ya ja kunne cewa tsari ne, ba dokar majalisa ba, don haka kariyarsa ba ta da ƙarfi. Shawararsa: in ka ƙi sa hannu, ka rubuta dalilinka, ka ajiye kwafi a gida.

'Yan kasuwarmu sun yi zama ɗaya kan Karin Magana 11:1, batun algus da mudu mai lotsattsen gindi. Mu ma'aikatan ofis ba mu tsira ba: an taɓo sa wa aboki hannu a rajistar zuwa aiki, da sulalewa zuwa taron coci a lokacin aiki. Ɗakin ya yi tsit.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taron Asabar ta farko a Janairu. Waɗanda ake bin su kuɗin wata, don Allah a zo da shi, asusun tallafi bai kai ya riƙe ko mutum ɗaya na wata uku ba.

Naku cikin hidima,
Sakatare