Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Shayar Da Ɗan Wata Goma Sha Huɗu

Ƙofar Doka,
Zariya.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da kuma nawa maigidan, wanda na ji an ce ya saki bango ya fara takawa da kansa. Mu nan lafiya lau, sai hazon hunturu da ya sa mahaifinki ɗan tari.

Na rubuto ne saboda maganar da muka fara ta waya ranar Juma'a, wadda yankewar layi ta hana mu ƙarasawa. Kin ce yaron ya cika wata 14, amma wata rana yakan nemi nono sau bakwai ko takwas har da na dare, wata rana kuma sau uku kacal, har kin rasa gane ko nonon ne ya daina isar sa, ko kuwa shi ne yake hana shi cin abinci. Kin kuma ce Hajiya, mahaifiyar maigidanki, tana ganin lokacin yaye ya yi.

Ina so ki daina ƙirga masa. A shekarun da na yi ina awon yara a asibiti, na ga masu shekara ɗaya da ke kama nono sau biyu a yini, da safe da lokacin barci, na kuma ga waɗanda ba sa barin jikin uwa, kuma dukansu awonsu yana tafiya daidai. Babu adadin da aka yanke wa yaro mai wannan shekaru, domin ba yunwa kaɗai ke kai shi ga nono ba. Yana zuwa don ƙishirwa, yana zuwa idan haƙori ya dame shi, ko ya faɗi ya ji tsoro, ko kuma kin dawo daga makaranta bayan wunin da bai gan ki ba. Ranar da ya sha sau takwas, ki duba jikinsa da abin da ya faru a gidan kafin ki tuhumi nononki.

Masu cewa nono ya zama ruwa bayan shekara ɗaya ba su faɗi daidai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tsakanin wata 12 zuwa 24 nonon uwa yana iya biyan kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikin yaro ke buƙata, ga kuma kariya daga gudawa da ciwon haƙarƙari, shi ya sa take shawartar a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Tun kafin ita kuwa, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, ta kuma bar yaye kafin haka ga yardar iyaye biyu da shawararsu. Sai dai ki lura da ɗaya gefen lissafin, wato kashi biyu cikin uku daga kwano za su fito. Nan ne nake ganin aikinki yake, kuma nan ne yawancinmu muke sakaci.

Cikin yaro kamar nasa ƙarami ne, abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce ƙaramin kofi mai mililita 250 ba. Idan kika cika wannan ɗan wuri da kunu tsararo, ya ƙoshi a ido amma bai ci komai ba. Ki gwada kunun da cokali, ki ɗebo ki karkata shi: in ya zube kamar ruwa, bai yi ba, sai wanda ya tsaya a cokalin yana saukowa a hankali. Ki dama shi da gyaɗa ko waken suya da aka soya aka niƙa, ki ɗiga masa ɗan mai. Ya kamata ya ci abinci sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, kamar ayaba, gwanda ko dafaffen dankalin Hausa. Abincin gidan ma ya isa ya ci, tuwo mai laushi da miyar kuka ko zogale, alale, faten tsaki da ganye, muddin kin rage yaji da gishiri. Ki riƙa sa masa ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, ko ɗan yankin hanta, kuma kada ki saurari zancen nan na cewa ƙwai yana sa yaro sata. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai ki zauna kusa da shi, domin a kwanon tarayya kafin ya kai loma biyu 'ya'yan maƙwabta sun share.

Tsarin ma ya juya. Da yana ɗan wata bakwai, nono ne gaba, abinci na biye. Yanzu ki fara miƙa masa abinci lokacin da yunwa ta kama shi, in ya gama sai ya sha nono. Idan ya kama nono daf da lokacin cin abinci, ba abin mamaki ba ne ya ture cokali.

Game da madarar gwangwanin da ƙawarki ta ce ki saya, wadda aka rubuta mata shekara ɗaya zuwa uku, ki adana kuɗinki ki sayi ƙwai. Yaron da yake shan nono sau uku ko huɗu a yini kuma yana cin abinci mai kyau ba ya buƙatarta. Wanda aka yaye ne yake buƙatar madara, kimanin kofi ɗaya zuwa biyu a yini, kuma kada ta wuce rabin lita, saboda madarar shanu ba ta da isasshen sinadarin ƙarfe mai gina jini, kuma yawanta yana cika ciki ya hana cin abincin da ke da shi, sai a wayi gari yaro ya yi ƙiba amma tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. In madarar Fulani ce aka tatso, a tafasa ta tukuna. Ki ba shi a kofi, ki rabu da fida, wadda wanke ta da kyau yake da wuya. Shayi kuma, wanda na san mahaifinsa yana ɗanɗana masa da safe, yana hana jiki karɓar wannan sinadari, ga sukari a banza.

Ma'aunin da zai gaya miki gaskiya shi ne katin awo. Kada ki firgita in kin ga ba ya ƙaruwa kamar bara, domin a shekara ta biyu girma yana lafawa, kilo biyu zuwa uku ne yaro yakan ƙara a shekarar gaba ɗaya, kuma cin nasa ma yakan ragu. Abin da ake so shi ne layin katin ya ci gaba da hawa, yana fitsari sosai, yana wasa da ƙiriniya. In layin ya kwanta wata biyu a jere ko ya sauko, to, ki kai shi a duba shi ba tare da jinkiri ba. Wata mai zuwa zai cika wata 15, lokacin rigakafin ƙyanda na biyu, sai ki sa a auna shi a ranar. In kuma kun zo hutu kafin nan, sai mu je asibitin Banzazzau tare.

Maganar yaye kuwa, ina da abin da ban taɓa gaya miki ba. Yayanki yana da wata 13 na gane ina da cikinki, aka ce kwanika ce, nonon ya lalace, zai sa masa gudawa. A lokacin ban shiga aikin jinya ba, kuma ba ni da bakin musu. Ranar wata Laraba aka shafa mini maɗaci, aka goya shi aka kai shi ƙauye wurin kakarsa. Na kwana uku nono ya cika ya yi tauri, ga zazzaɓi, ina jin kukansa a kunnena alhali ba ya gidan. Da aka dawo da shi bayan mako uku, rigar da ya tafi da ita tana reto a jikinsa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, kuma ya ƙi yarda in ɗauke shi. Sai da na yi karatu na san cewa ciki ba ya ɓata nono, yana iya rage shi ne kawai, kuma yayen rana ɗaya, ga rabuwa da uwa ga baƙon abinci, shi ne ya kayar da shi. Ban riƙe kowa a zuciya ba, abin da suka gada suka yi.

Saboda haka kada ki yi jayayya da Hajiya, uwa ce a gare ki, kuma jikanta take tausayi. Ki fara fahimtar da maigidanki, shi ya san yadda zai yi magana da mahaifiyarsa. In lokacin ya zo, ki janye a hankali cikin makonni, ki fara da shan da bai damu da shi ba na tsakar rana, ki bar na barci ya zama na ƙarshe. In na dare ne ya gajiyar da ke, ki ƙosar da shi da yamma, ki goge masa haƙora, in ya farka mahaifinsa ya ba shi ruwa ya jijjiga shi. Kada dai ki fara yaye yana ciwo ko a tsakiyar zafin bazara, domin yaron da gudawa ta kama yakan ƙi komai sai nono, kuma shi ne yake riƙe shi tare da ruwan gishiri da sukari.

Na sa an soya gero da gyaɗa da waken suya, an kai niƙa, zan ba direban da ya saba kawo miki saƙo ranar Asabar. Ki zuba garin a mazubi mai murfi. Ki gaishe da Hajiya da kyau, ki gaishe da maigidanki, ki kuma gaya wa nawa maigidan ina nan ina jiran cefane.

Wassalam,
Mahaifiyarki.